A Jidda ba a ƙura wa mai buƙata ido

'Yan uwa na gida, duk wanda ya kira ni tambayarsa ba ta wuce nawa ake sayar da waya, nawa ne giram ɗin zinare, a taho mana da abaya da dabino. Wannan lissafin ba ya buƙatar ni, tunda dala ɗaya riyal 3.75 ce tun 1986, ku buga da kanku. Ni wani abu ne ya tsaya mini a rai tun ranar da ya same ni.

Wani dare ƙaramar 'yata ta tashi da zazzaɓi, jiki ya yi zafi rau. Na sauka kemis ɗin bakin titinmu. Mai maganin, wani Bamisire, ya ɗauko maganin zazzaɓi na ruwa da na tari da ma'aunin zafin jiki, ya buga kuɗi. Na ɗora kati a kan na'ura, ta ƙi karɓa. Wata ya yi nisa, albashi bai shigo ba, ɗan abin da ya rage kuma na riga na turo gida. Ga mutane a bayana suna jira. Na fara ture ma'aunin gefe don a cire shi daga lissafi, sai wani hannu ya gifta ta gefen kafaɗata ya kara waya a jikin na'urar, takarda ta fito. Wani dattijo ne cikin farar jallabiya. Ko kallona bai yi ba, idonsa na kan kwalin maganin da ke hannunsa. Na juya zan jero godiya irin tamu, har da iyaye da kakanni, sai ya ce "Allah yashfiha" kawai, wato Allah ya ba ta lafiya, mai maganin ya miƙo mini leda ya kira na gaba. Sauran mutanen layin, wani na latsa waya, wani ya mai da fuska wajen man goge baki. Wallahi babu wanda ya ɗago kai.

Kowa a wurin ya ga abin da ya faru, ɗakin ai ba wani girma gare shi ba. Da gangan suka kau da kai, don in fita da mutuncina.

Ku kwatanta da shagunanmu. Kati ya ƙi, yaron shago zai ɗaga murya: "Alhaji, ba kuɗi a ciki fa!" Kowa ya waigo, kafin ka isa gida labari ya riga ka. Idan Allah ya kawo wanda ya biya maka, a majalisa za a ji da yamma. Abin da ya fi ci mini rai shi ne rabon azumi. A tara zawarawa da tsofaffi a rana tun hantsi, a ba kowa mudun shinkafa, a ce ta riƙe da kyau ta kalli kyamara, gobe ga fuskarta a Facebook. Mu da muka fi kowa yawan faɗin "Allah ya rufa asiri", mu ne kuma muke tona na talaka a kan mudu ɗaya.

Daga wannan daren na fara lura, sai na ga abin ya ratsa ko'ina. Mai bakala, wato ƙaramin shagon kayan masarufi na unguwarmu, yana da littafin bashi a ƙarƙashin kanta. Bai taɓa buɗe shi a gaban wani mai saye ba, sai shago ya yi sarari. Da azumi wani kan zo ya biya bashin shafi guda ya tafi, mai shago ya ja layi, ba zai gaya maka ko wane ne ba. A jikin katangar gidaje da masallatai za ka ga na'urar ruwan sanyi da kofi, an ajiye don mai shara da direba da duk mai wucewa, yawanci ba suna ba hoto. Idan lif ya buɗe mace ce ita kaɗai a ciki, namiji yakan ja da baya ya jira wani. A Disamban 2019 aka cire dokar da ta wajabta wa gidajen abinci ƙofar iyali daban ta gwauraye daban, amma har yau saurayi ya shigo ya ga iyali a zaune, can nesa zai nemi kujera, ba tare da kowa ya ce masa uffan ba. A shekarar ce kuma aka fitar da dokar ɗa'a a bainar jama'a, aka sa tarar riyal 1,000 ga wanda ya ɗauki hoton mutum ba da izininsa ba. Mutanen nan dama ba sa yi, dokar ta tarar da al'ada ne. Mutanenmu kuwa da suka zo Umra, su shiga kanti da waya a sama suna bidiyo, matan mutane na kare fuska suna kaucewa, su ko a jikinsu. Kunya ce ke kama ni duk lokacin da na ji Hausa na fitowa daga bakin mai wayar.

Shi kansa maganin, farashinsa a buge yake a jikin kwali. Ba a duban shaddarka kafin a yanka maka kuɗi, ba ciniki, kuma harajin kashi 15 da aka ɗora wa kaya tun Yulin 2020 bai hau kan magani ba. Tun 2018 ba a ba ka maganin kashe ƙwayoyin cuta sai da takardar likita, ko za ka kwana kana roƙo. Mu kuwa a yanko maka ƙwaya biyu da almakashi, a yi maka allura a bayan labule, duk da na san talauci ne ya kawo yankan.

To amma kada ku ɗauka komai daɗi ne. Kau da kan nan yana da ɗaci. Maƙwabcina na ƙofa da ƙofa, shekara da shekaru sallama ce kawai a kan matakala. Da matata ta haihu, ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa a benen nan, sai matanmu Hausawa da suka taso daga unguwannin Sabil da Karantina da kunun kanwa a fulas, suka cika falo da surutu. Ranar na yi kewar gida har ƙirjina ya yi nauyi. Na tuna layinmu, inda ba za ka yi ciwon kai na kwana biyu ba tare da an zo an zauna maka a tabarma ba.

Akwai kuma wanda ba a kallo saboda raini. Mutum ya tsaya da mota a gaban bakala ya danna hon, ko gilas bai gama saukewa ba, yaron shago ɗan Bangaladash ya fito da gudu cikin zafin Yuli. A ce masa "sadik", wato aboki, ko "Muhammad", a miƙa kuɗi ana kallon gaba, ba wanda ya damu da sunansa na gaskiya. Ni ma na ɗanɗana a wani shagon waya. Ina tsaye a gaban kanta, idon mai sayarwa ya tsallake ni ya sauka kan wanda ya shigo bayana da jan rawani, ya sallame shi, sannan ya tuna da ni. Dokar 2019 ta sa tarar riyal 50 ga mai tsallake layi, amma wa za a ci tara a nan? Mutumin bai yi tsallake ba, kiransa aka yi. Har Hausawan da aka haifa a Makka, masu sunan Hausawi a katin ɗan ƙasa, waɗanda kakanninsu suka zo a ƙafa ta Sudan, idan hira ta yi nisa za su gaya maka sun san wannan idon.

Don haka ƙannena masu karɓar saƙo, kuɗin azumin bana da zan turo akwai sharaɗi. Kada a tara kowa a ƙofar gida, kada a kira suna da lasifika. Kun san gidajen da ba a ɗora tukunya, ku bi su bayan isha'i, a miƙa ta zaure a juyo. A je kuma wajen mai shagon layinmu a ce ya buɗe littafinsa, a biya abin da ya sawwaƙa. Wanda ya turo mini hoto a matsayin shaida, baɗi wani zan ba rabon.