Shagon Bincike da Buga Takardu a Maradi: Yadda Suka Yi Mini Aikin Tarihin Mazaɓar Finchley

Na daɗe ina koyar da tarihi da labarin ƙasa a makarantar sakandare a nan Maradi, kuma darasin da ya fi ba ɗalibaina wuya shi ne bambancin da ke tsakanin yadda muke zaɓen ƴan majalisa a Nijar da yadda ake zaɓensu a Birtaniya. A wurinmu, a zaɓukan da aka yi kafin a rushe majalisa a 2023, jiha sukutum ita ce mazaɓa, kowace jam'iyya ta jera sunayen ƴan takararta, a raba kujeru gwargwadon ƙuri'un da kowacce ta samu, in ban da mazaɓu takwas na musamman, irin su Barmo a jiharmu, waɗanda ke fitar da wakili ɗaya ɗaya. A Birtaniya kuwa kowace mazaɓa wakili ɗaya take turawa, kuma wanda ya fi kowa ƙuri'a shi ke tafiya da kujerar, ko da bai kai rabin ƙuri'un da aka jefa ba. Na ga bayani da baki ba ya shiga, sai na yanke shawarar in ɗauki mazaɓa guda in bi ta daga haihuwarta zuwa ranar da aka shafe ta, in mayar da labarin ɗan ƙaramin littafi da za a raba wa aji. Na zaɓi Finchley, unguwar da ke gefen arewacin Landan, saboda ita ce kujerar Margaret Thatcher, tsohuwar firaministar Birtaniya, kuma ko ɗalibin da bai san komai game da Ingila ba ya taɓa jin wannan sunan.

Ba ni da injin buga takarda a gida, karatun Ingilishina kuma ba ya sauri, don haka na kai aikin wani shago da ke kan hanyar jami'a, irin waɗanda ɗalibai ke cika wa lokacin rubuta kundin kammala karatu. Ɗaki ne guda mai kwamfutoci biyar, da injin fotokofi babba a bakin ƙofa, da wani tebur a lungu inda ake huda takardu a ɗaure su da zoben roba. Mai shagon dattijo ne da ba ya yawan magana. Aikin bincike yana hannun wani saurayi da ya yi karatun sakandare a Katsina, shi ya sa yake karanta Ingilishi da Faransanci duka. Muka yi ciniki a kan jika uku na bincike da bugawa a kwamfuta, dala goma kowane shafi na fitarwa, ɗauri kuma daban. Kuɗin bai wuce yadda ake yi a gari ba, kuma ba a ƙara mini komai a kan abin da aka faɗa mini ranar farko ba.

Abin da na nema abu uku ne: jerin waɗanda suka riƙe kujerar, da jadawalin tazarar ƙuri'u tsakanin wanda ya ci da mai bi masa a zamanin Thatcher, da taswira. Jerin ya zo daidai tun a karon farko. An kafa mazaɓar a 1918, shekarar da aka fara bai wa matan da suka kai shekara 30 damar jefa ƙuri'a a Birtaniya, aka soke ta a 1997, kuma cikin waɗannan shekaru 79 mutum shida kawai suka wakilce ta. John Newman ne na farko, sai Atholl Robertson na jam'iyyar Liberal ya karɓe ta a 1923, ya rasa ta a 1924, sai Edward Cadogan har zuwa 1935, sai John Crowder wanda ya riƙe ta shekara 24, har ma ya tsira da ita a 1945 lokacin da jam'iyyar Leba ta lashe zaɓen ƙasar da gagarumin rinjaye, sai Thatcher daga 1959 zuwa 1992, sai Hartley Booth ya rufe. Banda wannan shekara ɗaya ta Robertson, kujerar ba ta taɓa fita daga hannun jam'iyyar Conservative ta masu ra'ayin riƙau ba. Na ji daɗin yadda saurayin ya ajiye tambaya da fensir a gefen takarda, yana neman sanin dalilin da ya sa babu zaɓe tsakanin 1935 da 1945. Bai cike gurbin da abin da ya zo masa a kai ba, ya jira na gaya masa cewa yaƙin duniya na biyu ne ya sa aka ɗage zaɓen. Wanda ya taɓa karɓar aiki daga irin waɗannan shaguna ya san wannan hali ba shi da yawa.

Jadawalin ne ya jawo mana zama mai tsawo, kuma a nan ne na ga iyakar shagon da kuma amanarsa a lokaci guda. Da na ɗauko takardar gwaji ina bin lambobin da yatsa, sai na ga layi ɗaya ne kawai aka ba 1974, alhali a wannan shekarar sau biyu aka yi babban zaɓe a Birtaniya, na farko a watan Fabrairu, wanda bai ba kowace jam'iyya rinjaye ba, na biyu a watan Oktoba. Saurayin ya ɗauka maimaici ne, ya goge ɗaya. Kuskuren ƙarami ne a ido, amma da ya wuce da ya lalata darasin, domin a zaɓen Oktoba ne tazarar Thatcher ta faɗi zuwa ƙuri'a 3,911, daga 16,260 da ta shiga majalisa da su a 1959. Wato ƴan watanni kafin ta zama shugabar jam'iyyarta a watan Fabrairun 1975, kujerarta ba ta kasance tabbatacciya ba kamar yadda mutane ke zato. Ko a zaɓen da ya kai ta ga zama firaminista da waɗanda suka biyo baya tazarar ba ta koma inda ta faro ba: 7,878 a 1979, sai 9,314 a 1983, sai 8,913 a 1987. Wannan shi ne abin da nake so ɗalibaina su gani da idonsu, cewa a wancan tsarin mai mulkin ƙasa duka dole ya koma unguwa ɗaya ya roƙi ƙuri'a, kuma in unguwar ta juya masa baya ya fita daga majalisa, duk girman jam'iyyarsa. A tsarinmu na jerin sunaye, wanda jam'iyya ta ajiye a saman jeri da wuya irin wannan fargabar ta same shi.

Da na nuna masa, bai yi gardama ba, bai kuma ɗora laifin a kan intanet ba. Ya ce, "Malam, ku yi haƙuri, laifina ne. Ku zauna in sake bin sauran shekarun gabanku." Ya jawo mini kujera, muka bi layi bayan layi kusan awa guda, shi yana karantawa daga allon kwamfuta ni ina duba takarda, kuma mai shagon bai ƙara mini ko dala ba a kan wannan lokacin, ga shi kuwa ɗalibai biyu suna tsaye suna jiran a yi musu aiki.

Akwai wani abu da shagon ba zai iya yi wa mutum ba, kuma ya kamata duk mai kai irin wannan aiki ya sani tun daga gida. Suna kwafo lambobi da gaskiya, amma ba su san abin da ke sa lamba ta yaudari mai karatu ba. Mazaɓa ba dutse ba ce da ke zaune wuri ɗaya. A Birtaniya ana sake shata iyakoki lokaci zuwa lokaci gwargwadon ƙaruwa ko raguwar jama'a, kuma sababbin iyakoki sun fara aiki a faɗin ƙasar a zaɓukan 1950 da 1974 da 1983 da 1997. Hukumar da ke sama da unguwar ma ta canja, domin Finchley tana cikin gundumar Middlesex ne har zuwa 1965, lokacin da aka shigar da ita ƙaramar hukumar Barnet ta birnin Landan. Su kansu masu zaɓen sun canja, tunda daga zaɓen 1970 aka sauko da shekarun jefa ƙuri'a daga 21 zuwa 18. Jadawalin da ya jera shekaru a sarari ba tare da waɗannan bayanai ba zai sa ɗalibi ya ɗauka mutane iri ɗaya ne ke zaɓe tun farko har ƙarshe. Ni na rubuta waɗannan bayanai da hannu na ba su suka buga a ƙarƙashin jadawalin. Haka ma ƙarshen labarin: saurayin ya rubuta cewa mazaɓar ta "canja suna" a 1997, na gyara masa, domin haɗa mafi yawanta aka yi da wani yanki na tsohuwar mazaɓar Hendon ta Kudu aka samar da sabuwa mai suna Finchley da Golders Green, kuma a zaɓenta na farko Rudi Vis na Leba ne ya ci, shekara biyar kacal bayan Thatcher ta bar majalisar wakilai.

Inda ban gamsu ba shi ne taswira. A allon kwamfuta ta fito da kyau, shuɗi na Conservative, ja na Leba, amma injin mai launi ya lalace tun kafin in kawo aikin, kuma ba wanda ya faɗa mini sai da aka fitar da kwafi 40 baƙi da fari, inda launukan biyu suka koma toka iri ɗaya, ba a gane wane yanki ne na wa. Wannan sakaci ne da kalma ɗaya za ta hana shi, kuma ya ci mini takarda da kuɗi. Mai shagon ya yafe rabin kuɗin shafin, na karɓa, ko da yake na fi son a ce an gaya mini tun farko. Sannan ba su da injin wuta; ranar da aka yi mini alkawarin karɓar aikin an ɗauke wuta tun hantsi, sai washegari da la'asar na same shi. Wanda ke da ranar miƙa aiki ya ƙara kwana biyu a lissafinsa, kuma ya je da safe kafin ɗalibai su taru.

Ɗaurin ya yi kyau, bango mai kauri ne a baya da leda mai haske a gaba, kuma littattafan sun yi zango guda a hannun ɗalibai ba wanda ya warware. Rubutun Hausa da na saka a shafin farko ya fito da ƙ da ɗ da ɓ yadda ya kamata, abin da shaguna da yawa a garin nan ba sa iyawa. Shafin taswirar kuwa ni da ɗalibai muka gyara shi a aji da biro shuɗi da ja. Zan koma musu da aiki na biyu a kan mazaɓar Barmo, kuma na riga na gaya wa saurayin cewa wannan karon takardar gwaji ɗaya zai fitar mini na kowane shafi, in duba in sa hannu, kafin a buga sauran.