Rimot ɗin a-kori-kura ya daina aiki: me ya kamata ka saya?

A makullin Hilux ko Tacoma abu uku ne ke zaune wuri ɗaya: ƙarfen da ke shiga ƙofa, rimot mai buɗewa da kullewa, da wani ɗan ƙanƙanin cif da ke ba inji izinin tashi. Rimot yana cin batir, cif kuwa ba ya buƙatarsa. Shi ya sa za ka danna har yatsa ya gaji ƙofa ba ta buɗe ba, amma kana murɗa makulli mota ta tashi. Kafin ka fitar da ko kwabo, gane wanne ne ya mutu.

Mafi arha shi ne batir. Yawanci CR2032 ne ko CR2016, duka bolt 3, faɗinsu ɗaya, amma na farkon ya ninka na biyun kauri. Buɗe ka karanta lambar da ke jikin tsohon, kada ka yarda da "ai duk ɗaya ne". Kuma a Birnin Kebbi, inda zafin Afrilu ke wuce digiri 40, batirin da ya yi wata da watanni a faranti cikin rana ya riga ya fara mutuwa. Nemi na cikin kwalinsa a shago mai inuwa. Alamar batir ce idan da can kana buɗe mota daga bakin masallaci, yanzu sai ka zo dab da ita.

Sai gidan rimot. Ƙurar hunturu da gumin aljihu suna cinye robar maɓallan, wani lokaci kuma makullin ya faɗa ruwan fadama wajen lodin shinkafa. Idan allon ciki bai ƙone ba, a goge shi da sifirit, a sayi sabon gida, a yanka ƙarfe. Nan ne mutane ke yin asara. Na taɓa zuba kayan ciki a sabon gida da kaina, na jefar da tsohon a kwandon shara. Mota ta yi ta gurnani ta ƙi tashi. Rewaya ya zo, ya ɓare makullin da farce, ya ce, "Alhaji, ina cif ɗin wanga makulli?" Ashe yana maƙale a lungun tsohon gidan, baƙi, bai fi ƙwayar wake ba. Sai da muka zazzage sharar.

Idan rimot ɗin kansa ne ya ƙone, zaɓi uku ne. Na kamfani ya fi tsada nesa ba kusa ba, sau da yawa kuma sai an yi odarsa daga Kano ko Legas, amma yana daɗewa. Na Chaina yana aiki, sai dai robarsa ba ta jure faɗuwa kuma zangonsa gajere ne. Ga direban da ke zirga-zirga tsakanin Jega da Yauri, ni na fi son ya zama na ajiya. Na hannu, wato Beljiyam, yana da kyau a tsofaffin motoci, amma makullin da ake tayar da mota da maɓalli, idan an riga an haɗa shi da wata motar, ba ya karɓar taka sai mai na'ura ya wanke shi. Kada ka biya sai an gwada a gabanka.

Ko wanne ka zaɓa, kamannin waje ba hujja ba ne. Motocin Amurka irin Tacoma da Tundra galibi siginar rimot ɗinsu, kamar ta tashar rediyo, tana kan mita 315 MHz, na Turai da wasu ƙasashe da dama kuma 433 MHz. Rimot biyu za su yi kama kamar an tsaga kara, ɗaya ya ƙi aiki. Dubi lambar bayan tsohon naka, sannan dubi gindin ƙarfen makullin: Toyota kan buga G ko H, kuma cif ɗin G ba ya aikin H.

Wasu kan ce rewaya ya ɗaura musu rimot na daban gaba ɗaya. Da arha, amma sai an yanka wayoyi, kuma aikin da ba a naɗe da kyau ba yana tsotse batirin mota cikin dare. In rimot biyu suka daina aiki lokaci guda, a fara duba fiyus da na'urar kulle ƙofa, matsalar na jikin motar.

Mai makulli ɗaya tal ya yi na biyu tun wancan yana aiki, domin ƙara makulli aikin mintoci ne, amma in duka suka ɓace sai an taɓa ƙwaƙwalwar mota, kuɗin kuma ya ninka. Mai motar maɓalli kuwa, in batir ya mutu a hanyar Kamba, ya zaro ƙaramin ƙarfen da ke ɓoye cikin rimot ya buɗe ƙofa, ya taka birki, ya manna rimot ɗin jikin maɓallin tayarwa, sannan ya danna.