Gargaɗi kan mai sayar da na'urar ceto ta jabu ga masu zamiya a dusar ƙanƙara

Ina jan hankalin 'yan uwa mazauna Ostiriya, Suwizalan da Faransa, musamman ɗaliban da suka fara bin abokai wasan zamiya a tsaunukan Alps nesa da filayen da ma'aikata ke kula da su, game da wani mai talla a shafukan sada zumunta da ke sayar da na'urar gano wanda dusar ƙanƙara ta zaftaro ta binne a kan yuro 60, alhali sabuwa mai inganci takan haura yuro 200.

Wani abokina ya ga araha ya saya. Ranar da muka fita kusa da birnin Innsbruck na Ostiriya, jagora ya tsaya a gindin tsauni don gwada na'urorinmu, kowa ya wuce ta gabansa ɗaya bayan ɗaya, na'urar jagoran tana ƙara, amma da abokin nan ya zo sai ta yi tsit, ko da yake tasa fitilar tana ƙyalli kamar lafiya lau. Da aka kwance ta, ashe ɗan abin neman makulli mai aiki da Bluetooth aka cusa cikin tsohon gidan na'ura. Mai kayan kuwa tuni ya toshe lambarsa.

Asarar kuɗin ƙaramar magana ce. Duk na'urorin gaskiya, ko na kamfanin Mammut ne ko Ortovox ko Arva, a zango ɗaya suke jin junansu, wato kilohaz 457, kuma wanda aka binne yana da kimanin minti 15 ne kafin iska ta fara ƙare masa, saboda haka abokan tafiyarsa ne za su tono shi tun kafin jirgin ceto ya iso. Wanda ya rataya jabu, babu mai jin ɗuriyarsa a ƙarƙashin dusar. Tun 2013 cibiyar gargaɗin zaftarewar ƙanƙara ta Kanada ta ce manhajojin waya ma ba sa maye gurbinta.

A saya daga shagon da ke ba da rasit, a tabbatar mai eriya uku ce, a duba lambarta wurin kamfanin, a kuma gwada ta da ta wani kafin a biya. Lokacin hawa a ɗaura ta a jiki ƙarƙashin riga, a nisanta ta da waya aƙalla santimita 20, sannan a riƙe shebur da sandar lalube a jaka.