Hattara da masu sayar da tafiyar iyali zuwa Tsibirin Yas ta bogi

Jama'a, a kula. Da zarar hutun makaranta ya ƙarato sai tallar tafiya Abu Dabi ta cika Instagram da WhatsApp: jirgi, biza, otal da tikitin wuraren wasa, duk a kuɗi ɗaya mai sauƙin gaske, wai saura kujeru biyar, a biya rabi kafin dare. Wuraren da ake tallatawa na gaske ne. A Tsibirin Yas da ke Abu Dabi akwai Ferrari World da aka buɗe a 2010, da Yas Waterworld, da Warner Bros. World, da SeaWorld da ta zo a 2023. Takardun da ake turo wa mutane ne ake ha'inci a cikinsu, kuma yawanci ba a ganewa sai an isa filin jirgi, ko an tsaya a ƙofar shiga da yara riƙe a hannu.

Mu fara da ƙaryar da ta fi saurin tonuwa. Duk wanda ya ce zai sayar maka da tikitin Disney na Abu Dabi, ka rufe maganar nan take. A watan Mayun 2025 ne Disney da kamfanin Miral suka sanar cewa za a gina wurin wasan a Yas. Sanarwar gini ce kawai.

Inda aka fi cutar mutane shi ne tikitin jirgi. Ejan na iya riƙe kujera da sunanka ba tare da ya biya ko kwabo ba, na'ura ta ba shi lamba mai haruffa shida da ake kira PNR. Idan ka duba a shafin kamfanin jirgin za ka ga sunanka da na uwargida da na yara, hankalinka ya kwanta, ka cika masa kuɗi. Bayan kwana ɗaya ko 'yan kwanaki wa'adin riƙon ya cika, kujerun su saki da kansu. Saboda haka ganin suna bai wadatar ba. Ka nemi lambar tikiti mai alƙaluma 13, kowane matafiyi da tasa, har jariri. Alƙaluma ukun farko na kamfanin jirgin ne: Emirates 176, Ethiopian 071, EgyptAir 077. Ka shiga shafin kamfanin da kanka, ba ta adireshin da ejan ya turo ba, ka ga lambar tikitin a jikin kowane suna. Ka sake dubawa kwana uku kafin tashi, domin akwai masu fitar da tikitin gaske su soke shi daga baya su karɓe kuɗin.

Biza ma haka. Sauya suna da hoto a takardar PDF aikin minti biyar ne. Wadda Dubai ta bayar ana tantance ta a shafin GDRFA, hukumar shige da fice ta Dubai, ta Abu Dabi da sauran masarautu kuma a shafin ICP, hukumar tarayya ta ƙasar. Ka kwatanta lambar fasfo da rubutun suna harafi bayan harafi. Tun da aka dawo da bai wa 'yan Nijeriya bizar Hadaddiyar Daular Larabawa a watan Yulin 2024 sharuɗɗa ke sauyawa, kuma hukuma ce ke yanke hukunci. Mai cewa yana da ɗan hannu a ciki, ko ya ba da tabbacin ɗari bisa ɗari, kuɗinka yake hari.

Tikitin shiga wurin wasa kuwa hanyoyin cutarsa uku ne, kuma duka a ƙofa suke bayyana. Akwai wanda aka saya da katin bankin sata: yau yana aiki, ranar da mai katin ya kai ƙara sai a soke shi. Akwai lambar QR ɗaya da aka sayar wa iyalai da yawa, wanda ya riga shiga shi ya ci, na baya na'ura ta ce an riga an yi amfani da ita. Sai tikitin rangwame na mazauna ƙasar, wanda ake iya neman katin shaida na Emirates ID kafin a bari a wuce da shi, baƙo kuwa ba shi da wannan kati. Abin takaicin shi ne uba ya ƙare da sayen sabo a cikakken farashi, yara na kallonsa. Mafi aminci a saya a shafin wurin wasan ko na Yas Island kai tsaye. In ta hannun ejan ne, a tambaye shi wuraren wasa nawa tikitin ya ƙunsa da ranar da zai daina aiki, a rubuce.

Otal ba shi da wahala: ka nemo lambar wayarsa da kanka, ka kira, ka tambaya ko akwai ɗaki da sunanka, ko an biya, da kuma ko shiga wuraren wasa na cikin kuɗin. A duba taswira kuma, don wasu kan rubuta "kusa da Yas" alhali masaukin yana Dubai, tafiyar kusan awa ɗaya a mota.

Kafin a tura kuɗi, a binciki sunan kamfanin a shafin CAC, a tambayi ko yana cikin NANTA, ƙungiyar ejan-ejan na tafiye-tafiye ta Nijeriya, a je ofishinsa ido da ido. Rajistar CAC kaɗai ba ta wanke kowa, amma rashinta ya isa dalilin fasawa. Sunan asusun banki ya dace da sunan kamfanin. Idan aka ce asusun kamfani ya samu matsala, a tura ta na wani yaro, to an zo wurin. Kada a miƙa hoton fasfon yara kafin a gama wannan bincike.

Wanda ya riga ya biya, kada ya tsaya jiran alkawarin gobe. Ya kira bankinsa a ranar ya nemi a bi sawun kuɗin, ya adana rasit da hirarrakin da saƙonnin murya kafin a goge su, sannan ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC da lambar asusun da ya tura wa.