Katin zinare na jirgi a hannun 'yar kasuwa: sharhina

Mu masu sarin kaya na Ghana, 'yan unguwannin Nima da Madina na Accra da Zongon Kumasi, muna hawa jirgi sosai, amma kaɗan ne a cikinmu suka damu da katin fasinja, wato katin tara makin tafiya da kamfanonin jirgi ke bayarwa. Ejan ya yanko tikiti mafi araha, a biya, a tafi, a dawo, makin tafiyar kuma ya bi iska. Abin yana ci mini rai, domin kuɗin da muke zubawa a wurin awon kaya ba ƙarami ba ne. Ni ina sarin mayafai da abaya daga Istanbul, takalma da jakunkuna daga Guangzhou, kuma katin Miles&Smiles na Turkish Airlines nake riƙe da shi, matakin Elite, wanda a ƙawancen kamfanonin jirgi na Star Alliance ake lissafa shi a matsayin zinare.

Ƙawancen shi ne sirrin abin. Turkish da EgyptAir sun shiga Star Alliance a 2008, Ethiopian ta shiga a 2011, kuma dukkansu suna sauka a filin jirgin Accra. Saboda haka idan na bi Ethiopian ta Addis Ababa zuwa Guangzhou, lambar katina ta Turkish nake bayarwa, makin ya taru a wuri guda. Ana buƙatar maki 40,000 cikin wata 12 kafin a kai Elite, idan an samu kuma yana aiki shekara 2. Makin yana bin tsawon tafiya ne: Accra zuwa Istanbul kusan mil 3,000 ne, zuwa da dawowa 6,000, to mai zirga-zirgar Turkiyya kaɗai zai daɗe bai kai ba. Hanyar Sin ce ke cika mudu da sauri, domin zuwa da dawowa ta Addis ya haura mil 15,000. Wanda ya rarraba tafiyarsa, yau Emirates, gobe Qatar, jibi Kenya Airways, zai ƙare da kati uku babu ko ɗaya mai nauyi, tunda Qatar tana oneworld, Kenya Airways tana SkyTeam, Emirates kuma ba ta cikin ko ɗaya daga manyan ƙawancen uku.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne ƙarin akwati. Inda ake ba kowa akwati biyu masu kilo 23, mai zinare yana samun na uku kyauta. Duk wadda ta taɓa tsugunnawa a gaban sikeli tana zare mayafai daga wannan jaka tana cusawa a waccan, mutane na tsallake ta, ta san darajar wannan akwatin. Kuma sabon yayi nake sakawa a ciki, wanda nake so ya isa shago kafin kwantena ta iso tashar jiragen ruwa ta Tema, domin a wannan sana'a wanda ya riga fito da samfuri shi ke yanka farashi. Ga layin awo na daban, ga shiga jirgi da wuri tun kafin ma'ajiyar sama ta cika. A tambaya dai kafin a biya, saboda wasu kamfanoni suna cire wannan ƙarin a tikitinsu mafi arha.

Falon hutu na filin jirgi kuwa, sai an yi yada zango mai tsawo ake sanin amfaninsa. Da za mu Umara da mahaifiyata ta Istanbul muka bi, bayan kusan awa 7 a sama, ƙafafunta duk sun kumbura. Katin yana ba da damar shiga da baƙo ɗaya matuƙar jirgi ɗaya za ku hau. A bakin ƙofa ta ja mini mayafi ta ce, "Ke, nawa za su caje mu?" Na ce, "Ko sisi, Inna, shiga kawai." Na sa sunanta a jerin masu wanka, aka ba ta tawul, ta watsa ruwan ɗumi, ta yi alwala a tsanake, ta rama sallolinta a ɗakin salla. Sannan ta zauna ta miƙe ƙafa a kan jakata, na kawo mata miyar adas da gurasar da ake gasawa a gabanka ana fito da ita da zafinta, da shayi a ɗan ƙaramin kofin gilashi. Barci ya ɗauke ta har sai da na tashe ta. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, a filin jirgin da tafiya daga wannan ƙofa zuwa waccan kaɗai aiki ce, wannan hutun ya fi mini duk wani abin da katin ya taɓa ba ni. A Addis ma akwai falon masu zinare, kuma kofinsu ba ya buƙatar talla.

A nan gida ban ɗauki falon da muhimmanci haka ba. Sashen Terminal 3 na filin jirgin Accra da aka buɗe a 2018 tana da sanyi da wurin zama, kuma daga gida ka fito da cikinka a ƙoshe. Da dare, lokacin da jiragen Turai ke tashi kusan a jere, na taɓa shiga wani falo na rasa kujera, abinci ya ƙare, wurin cajin waya ma sai da na jira. Akwai kuma ranar da akwatunana masu alamar fifiko ta masu zinare suka fito a ƙarshe a wani filin jirgi. A falon ƙasashen da ba na Musulmi ba ina tambayar naman kafin in ɗiba, in ban gamsu ba in tsaya a kan kifi da 'ya'yan itace. 'Yan uwa na Kumasi kuma su sani, jiragen cikin gida irin su Africa World Airlines da PassionAir ba sa cikin ƙawancen, don haka daga filin Prempeh I zuwa Accra katin ba shi da aiki. Mai son falo kawai ba tare da ɗaure kansa da kamfani ɗaya ba, akwai Priority Pass da ake biya duk shekara, sai dai ba ya ƙara maka ko kilo ɗaya.

Inda aka fi asara shi ne harafin tikiti. Kowane tikiti yana da harafi, Y ko M ko V da sauransu, kuma shi ke nuna kason makin da za a ba ka: wani cikakke, wani rabi, wani kwata, wani babu komai. Kujera ɗaya, abinci ɗaya, amma lissafi daban. Yanzu kafin ejan ɗina ya yanka nakan ce, "Alhaji, wane harafi ne?" In duba a shafin kamfanin, in ga ko ƙarin kuɗin tikiti na gaba ya kai ribar da zan samu. Wani lokaci bai kai ba, sai in ɗauki mai arha, domin ba zan ƙirƙiri tafiya ko in ƙona jari saboda kati ba.

Sunan da ke katin kuma dole ya yi daidai da na fasfo harafi da harafi. Mu da ake rubuta mana Mohammed a nan, Muhammad a can, Ayishetu a wata takarda, Aisha a wata, wannan kaɗai yana hana maki shiga. A ajiye takardar shiga jirgi har sai an ga makin ya bayyana a waya, in bai shiga ba da ita ake nema.