Tang ko kunamar teku? Ɗauki tang, ka bar kunama

Malam, tunda ka ce tankinka lita 500 ne kuma kana son haɗa kunamar teku (kifi mai faɗi kamar faifai, mai ƙarin harbi a wutsiya) da tang (kifin ado na ruwan gishiri) a ciki, ni dai shawarata ka sayi tang ka haƙura da kunamar. Na riƙe duka biyun a nan Gwarinpa. Ɗaya na nan da ransa, ɗayar kuwa da hannuna na binne ta a bayan gida.

Tang ɗina rawaya ne, yara suka raɗa masa suna Lemo, yanzu shekararsa huɗu a falona. Da na idar da sallar asuba nake maƙala masa nori, busasshen ganyen teku, a jikin gilashi, kuma tun ban kunna fitila ba yake zuwa ya tsaya a wajen yana jira. Baƙo ya shigo sai ya shige cikin duwatsu ya leƙo da ido ɗaya, kamar amarya. Wuni yake yana kiwon gansakuka a kan duwatsu, ya rage mini aikin kankara. Girmansa ba ya wuce santimita 20, don haka tankinka zai ɗauke shi. Shuɗin tang kuwa yana kaiwa 30, shi sai tanki mai tsawo.

Kunamar, irin mai shuɗin ɗigo-ɗigo a baya, kyau kam tana da shi. Sati shida ta yi mini, jatan lande ma sai ta shinshina ta wuce, har ta mutu. Irinta sun yi suna wajen ƙin cin abinci a tanki.

Abin da ya raba su tun farko magani ne. Tang yana yawan kamuwa da ciwon farin ɗigo, kuma maganin da aka fi yi masa na sinadarin jan ƙarfe ne. Wannan sinadarin guba ne ga kunama da duk danginta irin su kifin shak. Ranar da tang ya fito da ɗigo, ko ka zuba magani ka kashe kunama, ko ka yi ta farautar tang a tsakanin duwatsu don ka kai shi wani tankin. Na yi wannan farautar har ƙarfe biyun dare, sai da na kwashe rabin duwatsun.

Wurin zama ma bai zo ɗaya ba. Tang na son duwatsu da ruwa mai gudu. Kunama fili take so, yashi mai laushi da za ta binne jikinta, domin dutse ko tsakuwa na kurje mata ciki ya zama gyambo. Faɗin ƙasan tanki ne lissafinta, ba yawan lita ba, kuma faɗin jikinta kaɗai na kaiwa santimita 35 ban da wutsiya. Ga ta ma'abociyar nama, ƙazantarta na ɓata ruwa da wuri. Wani tang ɗin ma yakan riƙa tsattsagar bayanta in ta kwanta.

Sai ka tuna a Abuja kake. Zafin Maris da Afrilu zai kai ruwan sama da digiri 30, alhali 25 zuwa 26 kifayen suke so, gishirin kuma 1.025 a ma'aunin gishirin ruwa. Kuɗin da ka ware wa kunama ka sa shi a na'urar sanyaya ruwa da inbata, don in aka ɗauke wuta famfo ya tsaya na awanni, iskar ruwan ƙarewa take. 'Yan Jos su hita za su nema saboda hunturu. Ruwan burtsatse kuma kada ka zuba shi haka, sai wanda aka tace.

Ka yi hattara da masu sayarwa. Za a nuna maka 'yar ƙarama kamar faifai a ce iyakar girmanta ke nan. Jaririya ce. Wani zai ce an cire mata ƙari, to yana sake tsirowa. Akwai masu tura wata irin kunama da ake kira motoro da sunan ta teku, alhali ta kogunan Kudancin Amurka ce, ruwan gishiri kashe ta zai yi. Mu ma muna da tamu a Binuwai, wadda masunta ke kira kunamar ruwa, ta yi ƙaranci ƙwarai, a bar ta a kogi. Rawayan tang kuma ya yi tsada tun da kotu ta tsayar da kama shi a tsibiran Hawai na Amurka a 2021, saboda haka in ka ji araha ka sa ayar tambaya. Kada ka tura kuɗi kan bidiyon WhatsApp. Je ka da kanka, a ba kifin abinci a gabanka, ka duba cikinsa bai lotsa ba.

Ɗauki tang ɗaya tak, biyu masu kama da juna faɗa suke. Killace shi wata guda a ƙaramin tanki kafin ya shiga babban. In za ka kama shi ka sa roba, ba koma ba: yana da 'yar aska a gindin wutsiya, ta taɓa tsaga mini babban yatsa.