IELTS ta kwamfuta a British Council: abin da kuɗinka ke saya maka

Duk mai neman gurbin karatu a Ingila ko Kanada ko Ostireliya zai ci karo da IELTS tun bai gama cike fom ɗin farko ba. Jarrabawar Turanci ce da British Council da kamfanin IDP na Ostireliya da Cambridge suka mallaka tare, an fara ta a 1989, kuma a Najeriya British Council na shirya ta a garuruwa da dama, har da Kano da Abuja. Kuɗinta da nauyi, kuma yakan tashi idan naira ta faɗi.

Kafin ka biya ko kwabo, tabbatar ana buƙatarta daga gare ka. Jami'o'in Ingila da yawa suna karɓar Turancin WAEC, galibi C6 ko sama, a madadinta daga ɗan Najeriya. Wasu sukan karɓi takardar shaida cewa digirinka na farko da Turanci aka koyar da shi. Sai dai sharaɗin ya bambanta daga jami'a zuwa jami'a, har daga sashe zuwa sashe, don haka ka rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai su ba ka amsa a rubuce, kar ka tsaya ga maganar ejan. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi karatu da Faransanci ba su da wannan sauƙin, su dole su zauna.

Wajen rajista ne ake fara asara. Akwai Academic, wadda jami'a ke so, akwai General Training ta masu ƙaura da neman aiki. Wanda ya zaɓi ta biyu bisa kuskure ya biya kuɗin takardar da jami'a ba za ta duba ba. Akwai kuma mai laƙabin UKVI: tambayoyinta iri ɗaya ne, maki iri ɗaya, amma ana yin ta a cibiyoyin da hukumar bizar Birtaniya ta amince da su, kuma ita ake nema ga mai shiga kwas ɗin share fage da bai kai matakin digiri ba. Shafin rajistar yana da sauƙin bi, amma ba ya tsayar da kai ya tambaye ka ko ka san wadda kake zaɓa. Nan ya gaza.

Sai batun suna, wanda ya fi damun mutanenmu. Fasfo ɗin da ka yi rajista da shi, shi za ka kawo ran jarrabawa, na asali, wanda bai ƙare ba. Idan fasfo ya ce Mohammed, ka rubuta Mohammed ko da takardun makarantarka sun ce Muhammad. Mai sunan gari a matsayin sunan ƙarshe ya duba yadda aka jera shi a fasfo ya bi haka. Idan fasfo ya kusa ƙarewa, sabunta shi tukuna, don lambarsa ce za ta fito a takardar sakamako.

Ran jarrabawa tsarin da tsauri, kuma a ganina wannan shi ne abin yabonsu. Za a ɗauki hotonka da zanen yatsa, waya da agogo da jaka duk a waje suke zama. Wanda ya makara aka rufe ƙofa, kuɗinsa ya tafi. Sauraro da karatu da rubutu ana yin su a zama ɗaya, kimanin awa biyu da rabi ba hutu. Magana kuwa da mutum ake yin ta, ko a ranar ko cikin mako guda kafin ko bayanta.

Sauraro tambaya 40 ce cikin kusan minti 30, kuma sau ɗaya tak ake kunna muryar. Amfanin kwamfuta a nan shi ne kowa da abin sauraronsa a kunne, ba lasifika ɗaya ga ɗaki guda ba. Illarta kuma: mai yi a takarda yana da minti 10 na kwafe amsa, kai minti 2 kake da shi na dubawa, ke nan sai ka riƙa bugawa kana ji. Kuskuren harafi ɗaya yana kashe amsa. Inda aka fi zubar da maki shi ne lambobi irin 13 da 30, da lokacin da ake jero haruffan suna ɗaya bayan ɗaya, musamman A da E da I, da G da J. Kusan amsa 30 daidai ke ba da maki 7 cikin 9, kusan 23 kuma maki 6.

Karatu nassi uku ne, tambaya 40, minti 60. Allon ya kasu biyu, nassi a hagu, tambaya a dama, kana iya shafa wa layi launi. Tarkon da ya fi kama mutane shi ne bambance abin da nassi ya ƙaryata da abin da bai ambata ba sam. Ilimin da ka shigo da shi ba ya aiki a nan, abin da ke gabanka kawai ake tambaya.

Rubutu ne ke kayar da yawancin waɗanda suka iya Turanci, kuma a nan ya kamata shirinka ya fi yawa. Aiki biyu ne cikin minti 60: bayanin jadawali ko zane da kalma 150 ko fiye, sai muƙala da kalma 250 ko fiye. Na biyu ya ninka na farko nauyi, saboda haka minti 20 ga na farko, 40 ga na biyu. Wanda ya tsaya ƙawata jadawali har minti 35 ya cuci kansa. Abu huɗu ake aunawa: amsa abin da aka tambaya, haɗuwar tunani, yalwar kalmomi, da nahawu. Salon da aka saba da shi a makarantunmu, doguwar shimfiɗa da manyan kalmomi don burge malami, ba ya cin kasuwa. Idan tambaya ta ce ka tattauna ra'ayi biyu ka faɗi naka, ka bar ɗaya daga cikin ukun, makinka ya tsaya ko da jimlolinka sun yi kyau. A aikin farko kuma, rashin taƙaita abin da jadawalin ke nunawa gaba ɗaya yana rage maki sosai. Jimlolin da aka haddace daga gidan lesin, masu duba takarda sun san su. Kwamfuta tana ƙirga maka kalmomi, kana iya matsar da sakin layi, amma ba ta gyara kuskuren rubutu. Wanda ya saba da buga saƙo a waya kawai ya nemi madannan kwamfuta ya yi sati uku ko huɗu yana rubuta muƙala da agogo a gefe.

Magana minti 11 zuwa 14 ce. A tsakiya za a ba ka kati, minti ɗaya na shiri, sai ka yi ta magana har minti biyu. Ba a rage maki don harshenka ya nuna Bahaushe ne kai. Abin da ake dubawa shi ne ko ana gane ka, shi ya sa musanya p da f, ko v da b, ya cancanci atisaye, don yakan canza kalma gaba ɗaya. Amsa da kalma ɗaya don kunya ko ladabi tana hana mai jarrabawar jin abin da zai auna.

Sakamakon kwamfuta yana fitowa cikin 'yan kwanaki, na takarda sai kwana 13. Maki daga 0 zuwa 9 ne. Digiri na biyu a Ingila galibi 6.5 ake nema, da sharaɗin kada wani sashe ya gaza 6.0, kuma wannan sharaɗin ne ke riƙe mutane: jimla ta kai 7, rubutu 5.5, jami'a ta ƙi. Ga wannan akwai One Skill Retake, wato sake sashe ɗaya kawai cikin kwana 60, sau ɗaya, ga wanda ya yi ta kwamfuta. Dabara ce mai kyau da ta fi sake biyan kuɗi duka, amma ka tambayi jami'arka ko tana karɓa. Neman a sake duba takarda ana yin sa cikin mako shida, da kuɗi, a mayar maka idan makin ya ƙaru. Ya fi ma'ana a rubutu da magana, inda hukuncin mutum ne.

Takardar shekara biyu take aiki. Mai son fara karatu a Satumba ya zauna tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ya bar wa kansa damar sakewa kafin lokacin neman biza da gwajin tarin fuka su taso masa a lokaci guda. Wanda jami'arsa ke karɓar Duolingo English Test, ta fi araha kuma a gida ake yi cikin kusan awa ɗaya, sai dai tana buƙatar intanet da wuta da ba za su yanke ba, da ɗakin da ba mai shigowa.